Lasin na Kwamfuta a Ɗakunan Jarrabawa: Bayani ga Hakimai da Malamansu

An shirya wannan takarda domin hakimai da malamansu na ƙasar Kafin Hausa da Bulangu, da na sauran gundumomin tsakiyar Jihar Jigawa har zuwa Dutse. Maganar da ke cikinta ta shafi lasin na babbar manhajar kwamfuta, da irin cikas da a kan samu game da shi sa'ad da aka shafe kwamfutocin ɗakin jarrabawa aka sake zuba musu manhaja. Wani zai ce wannan ai aikin masu gyaran na'ura ne. Haka ne, amma dukiyar ta jama'a ce, 'ya'yan da ke zama gaban na'urorin kuwa na talakawan hakimi ne, kuma in abu ya ɓaci, ƙofar hakimi iyaye su kan fara zuwa da kuka.

Yadda maganar ta iso ƙasar nan

An kafa hukumar JAMB cikin 1978 domin ta riƙa jarraba masu neman shiga jami'a. Shekaru da yawa da takarda da fensir ake yin jarrabawar. Cikin 2013 hukumar ta soma jarrabawa da kwamfuta, daga 2015 kuwa ta bar takarda gaba ɗaya. Ɗalibi ya kan zauna gaban kwamfuta awa 2 ya amsa tambayoyi 180. Hukumar WAEC ita ma ta soma irin wannan cikin 2024 ga masu jarrabawa daga waje.

Cikin waɗannan shekaru ne manyan makarantu suka ƙaru a Jigawa. An kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse cikin 2011, aka kafa jami'ar jiha a Kafin Hausa cikin 2013, wadda daga baya aka sa wa suna Jami'ar Sule Lamiɗo. Saboda haka yaron da ya tashi a Bulangu ko Auyo, in yana son ya ci gaba da karatu, ba shi da hanya sai ta gaban kwamfuta. Makarantu da ƙungiyoyin gari da masu hali suka shiga gina ɗakunan kwamfuta, waɗansu don koyarwa, waɗansu don jarrabawa. Ƙa'idar da JAMB ta daɗe tana bi ita ce, cibiyar jarrabawa ta kasance da kwamfuta 250 masu aiki, da waɗansu 25 na ko-ta-kwana. Lura da na'urori masu yawa haka ba ƙaramin aiki ba ne.

Mene ne babbar manhaja, mene ne lasin

Kwamfuta ita kaɗai ƙarfe ne da roba. Abin da ke sa ta yi aiki shi ne babbar manhaja, wadda ke tsakanin mutum da na'ura kamar yadda wakili ke tsakanin hakimi da dagatai: kowane umurni ta hannunta ya ke bi. Wadda aka fi amfani da ita a ƙasar nan ita ce Windows, ta kamfanin Microsoft na Amurka.

Wanda ya biya kuɗin Windows, abin da ya saya shi ne izinin yin amfani da ita bisa sharuɗɗa, wannan izini shi ne lasin. Shaidarsa kuwa mabuɗi ne mai haruffa da lambobi 25, an kasa su gida 5, kowane gida 5. Tun fitowar Windows XP cikin 2001 kamfanin ya ƙara wani sharaɗi, watau tabbatarwa. Bayan an zuba manhajar sai kwamfuta ta aika da mabuɗin tare da siffar kayan cikinta, a duba littafin kamfanin, in an ga daidai ne a mayar mata da amsa.

Dattawan da suka riski zamanin haraji da jangali, kafin Gwamna Abubakar Rimi ya soke su a tsohuwar Jihar Kano cikin 1979, za su gane wannan nan da nan. Mutum ya biya haraji, an ba shi rasit mai lamba, malamin hakimi kuma ya rubuta lambar cikin littafi gaban sunansa. Da wani zai kwafi rasit ɗin nan sau 40 ya raba wa mutum 40, ai da an buɗe littafi sai a tarar mutum ɗaya ne ya biya. Haka sha'anin lasin ya ke.

Dalilin shafewa da sake zubawa

Ɗakin kwamfuta na makaranta hannu da yawa ke taɓa shi. Wannan ya sa waƙa, wancan ya canja tsari, wani ya kawo cuta cikin ɗan abin ajiyarsa. Kafin jarrabawa kuwa lalle ne kowace na'ura ta zama daidai da 'yar'uwarta. Da za a bi su ɗaya ɗaya ana gyarawa, da mako ya ƙare ba a gama ba. Saboda haka ma'aikacin ɗakin ya kan shirya kwamfuta guda ya gyara ta sarai, sa'an nan ya ɗauki kwafin dukan abin da ke cikinta, ya zuba wa sauran. Wannan kwafi shi za a kira uwar zubi cikin takardan nan, gama aikinsa kamar na kwamin bugun bulo ne. Dabara ce mai kyau, ba laifi cikinta. Wurin da cikas ke shigowa shi ne, kwafin ya kan kwashe har da suna da shaidar kwamfutar farko, ga shi kuwa kowace na'ura tana bukatar shaidarta ta kanta.

Irin lasin guda huɗu

Na farko shi ne wanda ya zo tare da kwamfuta daga masana'anta. A da a kan manna takardar mabuɗin a jikin na'urar. Tun daga Windows 8 cikin 2012 sai aka koma rubuta mabuɗin cikin babban allon da ke cikin kwamfutar, inda shafewa ba ta kai gare shi. Wannan lasin na wannan na'ura ne kaɗai, ba a ɗauke shi a kai wa wata. Daga Windows 10 kuma, cikin 2015, kamfanin ya kan riƙe siffar kowace na'urar da aka taɓa tabbatarwa, in an sake zuba mata irin manhajar da ta ke da ita, ta kuma samu intanet, sai ta tabbatu da kanta.

Na biyu shi ne na sayen ɗai-ɗai, mabuɗi guda na kwamfuta guda. Ana iya ɗauke shi daga wata na'ura a mayar wa wata, muddin an cire shi daga ta farkon.

Na uku da na huɗu na masu sayen sari ne, kamar jami'o'i da ma'aikatun Gwamnati. Na uku ana ce da shi MAK: mabuɗi ɗaya ne, amma an ƙayyade sau nawa za a tabbatar da shi. Na huɗu ana ce da shi KMS: makaranta ta kan ajiye wata kwamfuta ta musamman, uwar garke, wadda ita ce ke tabbatar da sauran a cikin gida ba tare da kowace ta nemi kamfanin ba.

Akwai abin lura a nan, gama mutane da yawa sun ruɗe a kansa. Lasin na sari na Windows ƙari ne a kan lasin da na'ura ta riga ta ke da shi. In an sayo kwamfuta wofi, ba ta da lasin ko kaɗan, mabuɗin sari na makaranta bai halatta ta ba, ko da ya karɓu a na'urar. Haka kuma ikon da aka ba masu sayen sari na su zuba kwafi ɗaya ga na'urori da yawa yana da sharaɗi: lalle manhajar da ke cikin kwafin ta zama iri ɗaya da wadda kowace na'ura ke da lasin nata.

Wurare shida da a kan samu cikas

Na ɗaya, kwafi ba tare da share suna ba. Cikin Windows akwai wani abin aiki mai suna Sysprep, wanda aikinsa shi ne ya share suna da lambar shaidar kwamfutar farko kafin a ɗauki uwar zubi, domin kowace na'ura ta samu tata lambar sa'ad da ta tashi. In an yi gaggawa aka tsallake shi, to, dukan na'urorin sai su je wa uwar garke da lamba ɗaya. Uwar garken KMS kuwa ba ta fara tabbatar da kowa sai ta ƙirga na'urori 25 dabam dabam. Ko da 100 ne a ɗakin, ita 1 ta ke gani, sai kowace ta nuna lambar cikas 0xC004F038, watau ƙidaya ba ta cika ba. Maganinsa shi ne a sake shirya uwar zubi yadda ya kamata. A Windows 7 sau 3 kaɗai ake iya maimaita wannan sharewa a kan kwafi ɗaya, amma daga Windows 8.1 an ɗaga adadin zuwa 1001.

Na biyu, ƙaramin ɗaki. Makarantar da ke da kwamfuta 15 ko 20, ba ta kuma haɗe da wata babbar ma'aikata, ba za ta cika ƙidayar 25 ba komi daɗewa. Irin wannan wuri KMS bai dace da shi ba, gara a tsaya ga lasin da ya zo da na'ura ko kuwa MAK.

Na uku, ƙarewar adadin MAK. Ga misali, a ce an ba makaranta mabuɗi mai tabbatarwa 500, ɗakinta kuwa yana da na'ura 250. An zuba karo na farko, 250 sun tafi. Aka shafe kafin jarrabawar gwaji aka sake tabbatarwa, 250 sun sake tafiya. Ran da aka shafe karo na uku, mabuɗi ya ƙare, sai a ga 0xC004C020, alhali ba a ƙara na'ura ko ɗaya ba. Kamfanin ya yi wani abin aiki mai suna VAMT domin wannan. Shi ya kan tattara bukatun dukan na'urorin ya aika gaba ɗaya, ya karɓo amsar kowace ya ajiye. Bayan an shafe sai a mayar wa kowace amsarta ta dā, ba a taɓa adadin ba, in dai ba a canja kayan cikinta ba. Wannan hanya tana da wani amfani kuma ga ɗakin jarrabawa, gama na'urorinsa galibi ba a haɗa su da intanet, kwamfuta ɗaya mai intanet ta isa ta yi wa sauran jakadanci.

Na huɗu, dogon zama. Tabbatarwar KMS ta kwana 180 ce. Kowane kwana 7 na'ura ta kan nemi uwar garke ta sabunta, in ta same ta sai a sake ƙirga 180 daga ranar. To, jarrabawar JAMB sau ɗaya ake yi a shekara. In an kulle ɗaki bayan jarrabawa saboda tsadar man janareta, ba a buɗe ba sai baɗi, wa'adin ya wuce tun tuni. In uwar garke tana nan da ranta, da sun tashi sun same ta sai su sabunta. Amma in ta lalace, ko an ɗauke ta, ko waya ta yanke a rufi, sai a ga 0xC004F074, watau ba a sami mai tabbatarwa ba. Ita ma uwar garke ta kan manta da na'urar da ta yi kwana 30 ba ta neme ta ba, ƙidaya ta koma ƙasa, sai 25 sun sake hallara.

Na biyar, agogo. Cikin kowace kwamfuta akwai ɗan batir mai kamar kwabo, shi ke riƙe da lokaci sa'ad da na'ura ke kashe. Kwamfutocin da aka sayo na hannu daga Turai galibi batirinsu ya tsufa, dogon zama ba wuta kuma yana ƙarasa shi. In ya mutu sai agogo ya koma shekarun baya. Uwar garke kuwa ba ta karɓar roƙon na'urar da agogonta ya saɓa da nata fiye da awa 4. Abin da ɗan batir mai araha zai gyara ya kan sa a wuni ana neman laifi inda babu shi.

Na shida, saɓanin iri. Windows iri iri ce: akwai ta gida, Home, akwai ta ma'aikata, Pro, akwai kuma Enterprise da Education. Mabuɗin wannan ba ya buɗe waccan. Ɗan kwangila ya kan kawo na'urori gauraye, waɗansu na gida, waɗansu na ma'aikata, ma'aikaci kuwa ya zuba musu kwafi ɗaya. Waɗanda suka dace su tabbatu, sauran su ƙi. Haka nan in babban allo ya ƙone saboda wuta ta zo da ƙarfi aka sa wani, kamfanin ya kan ɗauke ta sabuwar na'ura ce, lasin na masana'anta kuwa ya tafi tare da tsohon allo, sai fa in mai ƙera ta ne ya canja shi a ƙarƙashin garanti.

Abin da ke faruwa in ba a tabbatar ba

Kada a tsorata jama'a fiye da kima. Windows 10 da Windows 11 ba su daina aiki don rashin tabbatarwa, ba su kuma share aikin kowa. Rubutu ne ke fitowa a kusurwar dama ta ƙasan allo yana cewa a tabbatar, a kuma hana canja waɗansu tsare-tsare. Duk da haka wannan rubutu ya kan zauna bisa abin da ɗalibi ke karantawa, kuma shaida ce a fili ga duk mai duba da ya shigo cewa sha'anin ɗakin bai kammala ba.

Amma akwai wani iri mai hatsari ƙwarai. Kamfanin yana ba da Windows Enterprise ta ɗanɗano kyauta na kwana 90 domin ma'aikatu su gwada. In wa'adin ya cika, na'ura ta kan kashe kanta kowace awa. Wanda bai sani ba, ko wanda ke son ya rage kuɗi, yana iya yin uwar zubi da ita. Ran karɓar aiki komi lafiya lau, aka biya kuɗi, aka yi godiya. Bayan wata 3 sai ɗakin duka ya soma mutuwa awa awa, jarrabawa kuwa ta awa 2 ce. Yaron da ubansa ya sayar da akuya ya biya masa kuɗin rajista da na mota, shi ne zai ɗauki asarar.

Gargaɗi game da hanyar sata

Akwai masu yawo da waɗansu ƙananan manhajoji da ke yaudarar Windows ta ɗauka an tabbatar da ita. Rubutun kusurwa ya kan ɓace, amma lasin bai samu ba. Dokar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu cikin Maris 2023, tana kare manhajar kwamfuta kamar yadda ta ke kare littafi, Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ce kuma ke tsaron dokar. Ban da wannan, irin waɗannan manhajoji sau da yawa da cuta su ke zuwa, kuma kafin a sa su sai an kashe mai tsaron na'ura. In an sa su cikin uwar zubi, to, an raba cutar ga kowace kwamfuta a ɗakin da ke riƙe da sunaye da sakamakon 'ya'yan mutane. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Makarantar da ba ta da halin sayen lasin tana da hanya ta halal. Akwai babbar manhaja mai suna Linux, irin su Ubuntu, wadda ake zubawa kyauta ga na'ura ko nawa ba tabbatarwa, tana kuwa isa koyar da buga rubutu da lissafi. Sai dai in ana nufin ɗakin ya zama cibiyar jarrabawa, a fara tambayar hukumar jarrabawar irin manhajar da ta yarda da ita.

A kuma lura da tsufan manhaja. Kamfanin ya daina gyaran Windows 7 ran 14 ga Janairu 2020, ya daina na Windows 10 ran 14 ga Oktoba 2025, sai ga waɗanda suka shiga shirin ƙarin wa'adi. Windows 11, wadda ta fito cikin Oktoba 2021, tana bukatar wani ɗan kayan tsaro mai suna TPM 2.0, wanda tsofaffin na'urori da yawa ba su da shi. Saboda haka in wani ya kawo wa gari kyautar kwamfutoci, a karɓa da godiya, amma a tambaya ko za su ɗauki sabuwar manhaja.

Abin da ake so hakimai da malamansu su yi

Ba a neman hakimi ya koyi gyaran na'ura. Abin da ake nema shi ne irin tsaron da aka saba yi wa kowace dukiyar jama'a, watau rubutu da ƙidaya da bincike a kan kari.

1. In gari ko ƙungiya za ta sayi kwamfutoci, a rubuta cikin takardar kwangila cewa kowace na'ura za ta zo da lasin nata na gaskiya, a faɗi irinsa, dukansu kuma su zama iri ɗaya.

2. Kada a sa hannu a takardar karɓar kaya sai an kunna kowace na'ura gaban shaidu, an buɗe shafin da ke nuna irin manhajar da halin tabbatarwarta. In an ga alamar ta ɗanɗano ce mai wa'adi, a dakatar da biya.

3. Malamin hakimi, tare da shugaban makaranta, ya buɗe littafi. Kowace na'ura a rubuta lambar jikinta, da irin manhajarta, da irin lasin nata, da ranar da aka shafe ta, da ranar da aka canja mata wani abu a ciki. In MAK ne, a riƙa rubuta adadin da ya rage bayan kowace shafewa.

4. Mabuɗin sari a ajiye shi kamar hatimi, a hannun mutum biyu amintattu. In ya fita waje, waɗansu za su cinye adadinsa, kamfanin kuma yana iya toshe shi. In ma'aikacin ɗaki zai bar aiki, ya miƙa mabuɗai da uwar zubi da kalmomin sirri a rubuce kafin a sallame shi.

5. Kada a bar ɗaki a kulle shekara. A kunna dukan na'urori tare da uwar garke aƙalla sau ɗaya a wata, a duba agogonsu, a canja batirin da ya mutu. Kuɗin man yini ɗaya bai kai asarar jarrabawa ba.

6. Shafewa da sake zubawa a yi su makonni kafin jarrabawa. A fara gwada uwar zubi a kan na'ura 2 ko 3, in sun tabbatu sa'an nan a zuba wa sauran. Ba a fafe gora ranar tafiya.

7. In cikas ya auku, malami ya kwafi lambar da na'ura ta nuna daidai harafi da harafi, ya aika wa ma'aikacin da ke da alhakin ɗakin. Lambar nan ita ce ke faɗin ciwon, rahoton da ya ce kwamfuta ta ƙi kawai ba ya taimakon mai gyara.

Ana roƙon hakimai su sa a karanta wannan bayani ga dagatai da shugabannin makarantu da 'yan kwamitin iyayen yara a taronsu na gaba, a kuma ajiye kwafi ɗaya cikin fayil na ofishin gunduma domin wanda zai zo baya. Allah ya ba 'ya'yan ƙasa sa'a, ya kuma taimaki shugabanni bisa riƙon amana, amin.